Dogon mutum a kan babur ɗin shiga daji: daga kujera ake fara gyara

"Assalamu alaikum. Ni malamin gona ne, ina aiki a ƙauyukan ƙaramar hukumar Arewa, tsakanin Kangiwa da Yeldu da Bachaka. An ba ni babur na shiga daji daga wurin aiki, mai inji 125. Tsawona santimita 193 ne. In na yi tafiyar awa ɗaya sai gwiwoyina su ƙage, ƙuguna ya riƙe. In kuma na miƙe tsaye a cikin yashi sai in ji na sunkuya kamar zan kifa ta gaba. Wani mai gyara ya ce in kawo a yanka sitiyarin a ƙara masa tsawo da walda. Wannan ce mafita, ko akwai abin da ya fi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa aikin albarka. In na fahimce ka, kukanka uku ne: gwiwa tana ƙagewa in kana zaune, ƙugu yana riƙewa, tsayuwa kuma ba ta yi maka daɗi a inda ka fi bukatarta. Sannan an nuna maka sitiyari an ce shi ne mai laifin.

Kada ka bari a kai wa sitiyarin nan wuta, wannan tun farko. Ko da ma ba da walda ba ne, ɗaga sitiyari ba shi ne abin da za ka fara yi ba. Sana'ata gyaran baburan ma'aikatan karkara ce a Birnin Kebbi, na malaman gona da masu allurar rigakafi da masu zagayen duba rijiyoyi, kuma kusan duk dogon da ya shigo gareji sitiyari yake nuna mini. In muka ɗauko tef muka auna, sai mu tarar ciwon daga ƙasa yake tasowa, daga ɗan filin da ke tsakanin kujera da matakin ƙafa.

Inda matsin yake

Wuri uku jikin mahayi ke taɓa babur: ƙafa a kan mataki, mazaunai a kan kujera, hannu a kan sitiyari. Nisan da ke tsakanin waɗannan ukun shi ke sa babur ya yi wa mutum daidai ko ya takure shi. Masu ƙera babur kuwa matsakaicin mutum suke aunawa. Ƙananan baburan daji da ake kawo mana, irin su Yamaha XTZ125 da Honda XR150L da tsofaffin Yamaha AG, tsayin kujerarsu daga ƙasa galibi tsakanin santimita 80 ne zuwa 85, alhali manyan baburan tseren daji suna kaiwa wajen 95. Da gangan aka rage na ƙananan, domin wanda ba dogo ba ya iya dafa ƙasa in ya tsaya, kuma yadda ake ragewa shi ne a zaftare soson kujera a yi masa kwari a tsakiya. Shi kuwa mataki an bar shi a sama, don kada ya riƙa dukan dutse da kututture. Kujera ta sauko, mataki ya hau, sai ƙafar da ta fi kowacce tsawo ta rasa wurin miƙewa.

Abin da ke biyo baya a jiki ba shi da wuyar ganewa. In ka zauna gwiwarka ta yi daidai da ƙugunka ko ta ɗara shi, ƙashin ƙugu sai ya kwanta baya, gadon baya ya lanƙwashe. A haka kowane rami da kowane gargada na hanya kai tsaye yake sauka a ƙasan bayanka, domin kashin bayan ya bar yadda aka halicce shi ya ɗauki nauyi. Gwiwa kuma ta daɗe a naɗe, shi ya sa take ƙagewa. Akwai abu na uku wanda shi ne ke ruɗa mutane: tashi tsaye daga irin wannan zama yana da wuya, kamar tashi daga tsuguno, don haka sai mahayi ya riƙa jan sitiyari da hannu domin ya ɗago jikinsa. Kafaɗa ta gaji, wuyan hannu ya yi tsami, sai ya ce ai sitiyari ne ya yi ƙasa.

Dogaye ma ba iri ɗaya ba ne. Wani tsawonsa a ƙafa yake, wani a gangar jiki da hannuwa. Mai doguwar ƙafa kujera da mataki ke damunsa. Mai doguwar ganga shi ne ya fi bukatar a taɓa sitiyari. Yadda ka ce gwiwa ce ke fara ƙagewa, ina kyautata zaton kana cikin na farko. Kafin ka kashe ko kwabo, ka sa wani ya riƙe maka babur a miƙe, ka hau da takalmin da kake aiki da shi, a ɗauke ka hoto da waya daga gefe, sau ɗaya a zaune, sau ɗaya a tsaye a kan mataki. A na zaune ka duba ko cinyarka ta gangara daga ƙugu zuwa gwiwa ko kuwa gwiwar ce a sama. A na tsaye ka duba ko bayanka a miƙe yake ko ya yi doro. Ka ajiye hotunan, bayan kowane gyara ka sake ɗauka ka kwatanta.

Kujera

Nan ne gyaran da ya fi kowanne arha kuma ya fi kowanne amfani. Tunda babur ɗin na ofis ne, shawarata ka nemi tsohuwar kujera irin tasa a wurin masu sayar da kayan gwanjo, a yi aikin a kanta, ta asali kuma ka ajiye ta a ɗaki. Ranar da za ka mayar da babur sai ka ɗaura musu abinsu yadda suka ba ka.

Kafin ka je wurin mai ɗinkin kujeru, ka gwada da tsohon bargo. Ka ninke shi, ka cike kwarin kujerar da shi, ka ɗaure da roba tamau, ka yi tafiyar yini guda. Ka ƙara ninki ko ka rage har ka sami kaurin da cinyarka ta ɗan gangara ƙasa, sannan ka auna kaurin bargon a matse, wato kana danne da shi, ba a sake ba. Ga mai tsawonka yawanci abin yana tsayawa tsakanin santimita 3 zuwa 5 a wurin da kwarin ya fi zurfi. Lissafin kamar bai kai ya kawo ba, amma gwiwa tana jin bambancin santimita 3 tun kafin ka fita gari.

Abin da ke ɓata wannan aiki shi ne irin soson da ake sawa. Mai ɗinki zai so ya faranta maka rai da soson katifa mai laushi, ka danna da yatsa ka ji daɗi. Wannan soso ba ya wata guda sai ya kwanta, ka koma cikin kwarin da ka gudu, ga shi kuma yana riƙe zafi. Ka ce masa matsattsen soso kake so, mai tauri, irin wanda ake haɗawa da gutsattsari mai launi-launi. Da shi za a cike kwarin, a manne da gam mai kyau, sannan a shimfiɗa siririn mai laushi a sama wanda bai wuce santimita ɗaya ba. Kujera mai ɗan tauri ta fi mai laushi daɗi a doguwar tafiya, ko da yake mutane ba sa yarda sai sun gwada.

Siffa ma tana da muhimmanci kamar kaurin. Saman kujerar ya zama shimfiɗaɗɗe tun daga gindin tanki har baya, ba tudu ba kwari, domin ka iya zamewa gaba in za ka sha kwana, ka ja baya in ka shiga yashi. Kujera mai kwari wuri ɗaya take dasa mutum, kuma wurin an zaɓe shi ne don wanda bai kai ka tsawo ba. Gabanta ya zauna siriri yadda yake, a sassabe gefunan, in ba haka ba za ta buɗe maka cinyoyi in ka miƙe tsaye, ka kasa matse babur da gwiwa. Baya kuwa ana iya ɗan faɗaɗa shi. A shimfiɗa leda tsakanin soso da fata saboda damina, don soson da ya sha ruwa sai ya kwana biyu yana jiƙa maka wando. Fatar kuma kada ta zama mai santsi mai sheƙi. Mai ɗan kaushi ita ke hana ka zamewa gaba duk lokacin da ka taka birki.

Bayan an gama ka tabbata har yanzu kana dafa ƙasa da ƙafa biyu ba tare da ɗage ba. Da tsawonka wannan ba zai zama matsala ba, amma ka duba, domin duk wanda ya taɓa shiga taɓon fadamar Argungu da damina ya san akwai inda ƙafa ce ke ceton mutum.

Wani abu da na lura da shi a wurin malaman gona musamman: a gyara kujera tsaf, sannan a ɗaura buhun iri ko jarkar maganin feshi a tsakiyarta, daidai bayan mahayi. To an koma gidan jiya, kaya sun tura ka kan tanki. Kaya su zauna a kan kariya, a bar maka aƙalla taƙi guda a bayanka.

Nauyinka da shok ɗin baya

Dogon mutum sau da yawa ya fi matsakaici nauyi, kuma ko bai fi ba, can baya yake zama, inda nauyinsa ya fi danne shok. In bayan babur ya nutse fiye da kima, gaba sai ya ɗago, tayar gaba ta yi sakayau. A cikin yashi ba za ka lura sosai ba, amma a kan jar ƙasa mai tsakuwa za ka ji gaban yana neman zamewa a kwana. Kujerar kuma ta karkata baya, ta ƙara kwantar da ƙugun da muke ƙoƙarin miƙarwa.

Awon ba shi da wuya, mutum biyu kake bukata da tef. Ka ɗora cikin babur a kan kututture har tayar baya ta bar ƙasa, ka auna daga tsakiyar ƙarfen da ya ratsa tayar zuwa wata alama da ka yi a jikin babur daidai samansa. Ka sauke, ka hau da kayan da ka saba ɗauka, ƙafafunka biyu a kan mataki, ɗaya ya riƙe babur, ɗayan ya sake aunawa. Bambancin awo biyun shi ne nutsewar bayan. Abin da ake so shi ne ya kasance wajen kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyar tayar baya daga sama zuwa ƙasa. A manyan baburan tsere masu tafiyar santimita 30, nutsewar tana kamawa wajen 10. A ƙanana irin naka, da tafiyarsu ke tsakanin 15 da 18, santimita 5 zuwa 6 ake nema. Iyakar tafiyar tana rubuce a littafin babur ɗin.

In ya wuce haka sai a ƙara matse sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke jikin shok. Babur mai shok biyu yana da zobe mai hawa-hawa a gindin kowanne, galibi hawa biyar, kuma dole duka biyun su tsaya a hawa ɗaya. Mai shok ɗaya a tsakiya wani zobe mai hawa gare shi, wani zobe biyu masu zare, wani kuma ba a taɓa shi sam. Ka riƙe wannan: matse sifirin ɗaga babur yake yi, ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi. In ka kai hawa na ƙarshe bayan bai daina nutsewa ba, ko kuwa ka sami awon da kake so amma in ka sauka babur ɗin ya miƙe cak ba ya ko ɗan nutsewa da nauyin kansa, to sifirin ya yi maka rauni ko ya gaji. Maganinsa sifirin da ya fi ƙarfi mai tsawo ɗaya da na asali.

Na ce mai tsawo ɗaya domin akwai masu ɗauko dogon shok na wani babur su ɗaura, wai a ɗaga wa dogo babur. Wannan ba ya ƙara ko milimita ɗaya tsakanin kujera da mataki, tunda tare suke hawa, don haka gwiwarka ba ta amfana da komai. Abin da yake yi shi ne ya canza yadda sarƙa ke ja da saki, ta riƙa cin robar da take gogawa, ya kuma tsayar da gaban babur ya sa sitiyari rawa in an yi gudu.

Yanzu sai sitiyari

Bayan kujera ta hau, sitiyari zai ƙara yi maka ƙasa in kana zaune, shi ya sa ake barinsa sai an gama da kujera. In ka fara da shi, sau biyu za ka yi aikin.

Ka fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ka sassauta notuna huɗun da suka danne sitiyari, ka murza shi gaba har tashinsa ya yi layi ɗaya da ƙafafun shok na gaba in ka duba daga gefe, ko ya ɗan wuce kaɗan. Yawancin baburan da ke zuwa hannuna a kwance nake samun sitiyarinsu, an murzo shi baya wajen cikin mahayi, kuma wannan murzawar kaɗai takan ba dogo sararin da yake nema. Kada dai ka wuce gona da iri, don in ya yi gaba da yawa bakunansa sai su kalli sama, wuyan hannu ya karye a kansu. Ka kuma leƙa mazaunin sitiyarin: a wasu babura ramin notinsa ba a tsakiya yake ba, in aka kwance aka juya shi gaba ya koma baya sai sitiyari ya matsa gaba da kusan santimita ɗaya. Wurin ɗaurewa ka bi notunan a hankali ɗaya bayan ɗaya, kada ka ƙarasa ɗaya sauran suna sake.

In bai isa ba sai a yi maganar ɗagawa, kuma a nan akwai abin da masu gyara da yawa ba sa lura da shi. Ƙafafun gaban babur ba a tsaye cak suke ba, sun jingina baya da wajen digiri 26 zuwa 28. Duk abin da ka ɗora a ƙarƙashin sitiyari wannan layin yake bi, yana hawa yana matsowa wajenka. Ƙarin santimita 3 yana jawo sitiyari baya da kusan santimita ɗaya da rabi. Wato dogon da ke neman sarari ya sami tsawo ya rasa fili, gwiwar hannunsa ta naɗe, in ya miƙe tsaye kuma nauyinsa ya koma baya ya bar tayar gaba ba mai danne ta. Na ga waɗanda suka ɗaga da santimita 6 ko 7, suna jin daɗi a kan kwalta, da sun shiga hawan duwatsun ƙasar Zuru sai gaban babur ya riƙa tashi yana kauce musu.

Saboda haka ni na fi son a canza sitiyarin gaba ɗaya da wanda lanƙwasarsa ta fi tsayi kuma bakunansa ba su koma baya sosai ba, a murza shi gaba kaɗan. In ba a samu ba, a sa ƙarafunan ɗagawa da ake sayarwa don wannan aiki, waɗanda masu kaya ke kira raiza, na santimita 2 zuwa 3, kada a wuce. Kaurin sitiyarin ƙananan babura milimita 22 ne, manyan na tsere wasu 28.6, don haka ka faɗa wa mai kaya wanne kake so. In babu a Birnin Kebbi ko Jega, masu sayar da kayan babur suna iya aiko da shi daga Kano ko Nnewi. Notunan da za a sa su fi na asali tsawo da gwargwadon ƙarin, kuma ka duba kansu ka ga an buga 8.8 ko 10.9, lambar da ke nuna ƙarfin noti. Tara washa ko tsofaffin notuna a ƙarƙashin mazauni ba ɗagawa ba ce, sitiyarin zai riƙa motsi har wata rana notin ya tsinke.

Duk abin da aka yi wa sitiyari, wayoyi ne za su ba da shaida. Ka tayar da inji ka bar shi yana aiki a hankali, ka juya sitiyari iyakarsa dama, iyakarsa hagu. In ƙarar inji ta ƙaru a wani ɓangare, wayar totur tana ja, kuma wannan haɗari ne na gaske: babur zai ƙara wuta da kansa daidai lokacin da kake juyawa a ƙuntataccen wuri. Ka matsa hannun kuloci a kowane ɓangare ka ji ko ya canza. Sannan ka ɗaga gaban babur har taya ta bar ƙasa, ka duba wayar birkin gaba, ko tiyonsa in na mai ne, ka ga akwai sauran sako-sako. Sau da yawa sauya wa waya hanya, a biyo da ita ta bayan mazaunin sitiyari, yana wadatarwa. In bai wadatar ba a sa wadda ta fi tsawo. Totur ya kasance yana da ɗan wasa na milimita 2 zuwa 6 kafin ya fara ja, kuma in ka sake shi ya koma da kansa. Hannun kuloci kuma wasan milimita 10 zuwa 20 a bakinsa.

Ita kuwa walda, ga dalilin da ya sa na hana. Sitiyari bututu ne marar kauri. Wuta tana raunana ƙarfen da ke gefen ɗinkin, girgizar hanya kuma tana bin wannan wurin tana tsaga shi a hankali a ƙarƙashin fenti, inda ido ba ya gani. Ba ya karyewa a gareji. Yana karyewa ne ranar da ka faɗa rami kana tsaye, nauyinka duka a kansa. Haka sitiyarin da ya lanƙwashe a faɗuwa aka gasa shi aka miƙar. Kuɗin sabo bai kai a je neman gira a rasa ido ba.

Hannun birki da na kuloci kuma ka sassauta su ka karkatar da su ƙasa kaɗan, yadda in kana tsaye yatsunka za su sauka a kansu ba tare da ka karya wuyan hannu ba. Ka nemi tsaka-tsaki tsakanin zama da tsayuwa.

Tsayuwar kanta

Wani ɓangare na sunkuyon da kake ji ba daga babur yake ba. Dogaye da yawa in sun tashi sai su miƙe ƙafafu sanƙam, su lanƙwasa gadon baya domin hannu ya kai sitiyari. A haka ko an ɗaga sitiyari ya kai ƙirji ba za a ji daɗi ba. Ba a yi babur ɗin daji don a tsaya a kansa a miƙe sak ba. Gwiwa a ɗan lanƙwashe take zama tana matse da babur, mazaunai su ja baya, jiki ya karyo daga ƙugu, gadon baya a miƙe, haɓa ta zo wajen saman sitiyari, gwiwar hannu a buɗe. Ƙafafu ne ke ɗauke da kai, hannu tuƙi kawai yake yi. In ka iya sassauta riƙonka kana tsaye ba ka faɗa gaba ko baya ba, tsayuwar ta yi.

A yashi mai zurfi irin na hanyoyinku na Arewa, ka ƙara ja da ƙugu baya, ka riƙe totur da wuta madaidaiciya ba tare da yankewa ba, ka kalli nesa, ka bar gaban ya ɗan yi wasansa. Kifawa ta gaba da kake ji ta fi zuwa ne lokacin da aka saki totur farat ɗaya, tayar gaba ta nutse. Cinyoyi za su yi tsami a makon farko, wannan ba laifin babur ba ne.

Mataki da giya da birkin ƙafa

Saukar da mataki na bari ƙarshe, domin shi ne gyaran da ke da farashi a wani wurin. Amfaninsa babba ne: yana buɗe gwiwa in kana zaune, kuma shi kaɗai ne ke rage sunkuyo in kana tsaye ba tare da an taɓa sitiyari ba. Amma duk abin da ka sauke ka rage shi ne daga tsakanin ƙafarka da ƙasa, kuma a hanyar da amalanken shanu ya yi wa kwari biyu, ko cikin gona bayan girbi da guntayen kara a tsaye, yatsun ƙafa ne ke biya. Santimita ɗaya zuwa biyu ya isa. In an sami matakin da aka ƙera a sauke, shi ne daidai. In ba a samu ba, kuma kujera ta riga ta magance gwiwar, a bar mataki yadda yake. Jikin firam dai ba a yanka shi ba a yi masa walda, balle a babur ɗin da ba naka ba. Abin da na fi ba da shawara a nan shi ne mataki mai faɗi mai haƙora, domin babbar ƙafa a kan siririn ƙarfe tana gajiya da wuri.

Sandar giya a kan haƙora take zaune. Ka kwance notinta, ka zare, ka ɗaga ta da haƙori ɗaya, domin babban takalmi ya shiga ƙarƙashinta ba tare da ka karkata ƙafa ba. Birkin ƙafa ya zo daidai da saman mataki ko ƙasa kaɗan, yadda za ka taka shi a tsaye. In ka taɓa tsayinsa ka sake daidaita wasansa, santimita 2 zuwa 3 a masu birkin ganga, wato wanda ke rufe a cikin tsakiyar taya, ka juya tayar baya da hannu ka tabbata ba ta kamawa, ka kuma duba fitilar birki tana kamawa a kan lokaci.

Tunda mun zo ƙafa: takalmi mai rufe idon sawu, ba silifas ba. Doguwar riga kuma a tattare ta a zauna a kai ko a ɗaure, domin rigar dogo ta fi ta kowa kusa da sarƙa da tayar baya.

Iyakar abin da gyara zai yi

Ka yi gyaran ɗaya bayan ɗaya, ka ba kowanne kwana biyu ko uku na aiki kafin ka taɓa na gaba, in ba haka ba ba za ka gane wanda ya taimaka da wanda ya ɓata ba. Duk notin da aka kwance a sake bin sa da sufana bayan makon farko, musamman na sitiyari.

Awon da na ba ka na somawa ne, tunda daga nesa nake magana; hotunanka da jikinka su ne za su yanke hukunci. Kuma babur mai inji 125 ƙaramin firam gare shi. Da kujera da shok da sitiyari za ka iya mayar da wahalar awa ɗaya ta zama tafiyar rabin yini cikin sauƙi, amma ba za su mayar da shi babban babur ba. In wata rana aka ba ka zaɓi, ko za ka sayi naka, ka hau ka miƙe tsaye a kan mataki kafin ka tambayi ƙarfin inji, ka kuma fifita mai tayar gaba inci 21 da ta baya 18 in yashi ne mafi yawan hanyarka.

Ciwon ƙugun kuma, in yana tafiya bayan ka sauka ka ɗan taka, na zama ne, gyaran nan zai rage shi, tare da tsayawa kana miƙe jiki bayan kowace awa. In kuwa yana kwana da kai, ko yana saukowa ta bayan cinya zuwa ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa ko yin rauni, wannan ya wuce aikin bakanike. Ka je asibiti a duba ka, kada ka jira sai an gama ɗinkin kujera.